Ƙashin Jaki a Wuyan Barira

A lakwal ɗin Tsarnawa, wato makarantar boko, akwai wata doka. Da zarar yaro ya shigo fili, ba Hausa, sai Faransanci. Wanda aka ji ya yi Hausa, a rataya masa simbol.

Simbol ɗin nan ba wani abu ba ne, ƙashin muƙamuƙin jaki ne da aka ɗaura wa igiya. Haƙora huɗu na nan a jikinsa. In rana ta yi zafi har wari yake yi. Wanda aka rataya wa sai ya yi ta kasa kunne. In ya ji wani ya yi Hausa, ya cire ya ba shi. Duk wanda ƙarfen tashi ya tarar da ƙashin a wuyansa da marece, shi ke shan bulala goma a tafin hannu, wurin Mushe Mati, malamin aji uku.

A ajin nan akwai wata yarinya, Kubura. Bakinta ba ya rufuwa, ga ta gwanar kwaikwayo. Ta iya tarin Mushe. Ta iya tafiyar jandarma da tumbinsa. Ta iya yadda mai unguwa ke gyara rawani kafin ya yi magana, ya kuma manta abin da zai faɗa. Yara na son ta. Amma saboda surutu, ƙashin jakin nan ya fi sanin wuyanta da na kowa.

Bayan girbi aka kawo sabuwar yarinya daga Bazaga, sunanta Barira. Uwarta ta rasu, aka maido ta wurin kakarta, Tsohuwa Shatu, mai sayar da ƙuli-ƙuli a bakin hanya. Tsohuwar ta ranƙwafa, kanta na rawa kullum, kamar tana cewa a'a. Barira ba ta san komai a Faransanci ba sai "Wi, Mushe." Don haka ba ta magana da kowa. Wanda ba ya magana kuwa, ƙashi ba ya zuwa wuyansa.

Wata Talata, lokacin hutu, ƙashin na wuyan Kubura. Kowa ya kame bakinsa in ta matso. Marece na zuwa. Tafin hannunta har ya fara ƙaiƙayi.

Sai ta hango Barira zaune ita kaɗai a gindin itacen bedi. Dabara ta faɗo mata. Doka ta hana Hausa, amma ba ta hana tafiya ba.

Kubura ta ɗauki kara. Ta ranƙwafa. Ta ɗora allonta a ka kamar faifan ƙuli. Ta taho a hankali, kai na rawa, leɓe na motsi, ƙafa ɗaya na jan ƙasa. Ba ta ce uffan ba, amma kowa ya gane. Yara suka yi ta dariya, wasu har da faɗuwa.

Barira ta miƙe, idonta ya cika.

"Ki bar mini kakata," in ji ta.

Da Hausa ta faɗa. Kubura ta miƙe tsaye, ta cire ƙashin, ta rataya mata. Da marece Barira ta miƙa hannu, Mushe ya ƙirga goma. Ba ta yi kuka ba.

Daga ranar nan abin ya zama hanya. Duk wanda ƙashi ya kama sai ya zo wurin Kubura, ya ba ta dabino ko guntun alli, ya ce ta yi masa tsohuwa. Barira takan cije leɓe, ta runtse ido. Kubura sai ta ƙara gishiri: tsohuwa na neman sandarta, tsohuwa na korar akuya, tsohuwa na faɗuwa. A ƙarshe dai magana takan kuɓuce wa Barira.

Kwana tara a jere ita ke shan bulala. Mushe ya ce bai taɓa ganin yarinya mai taurin kai irinta ba.

Rana ta goma, wurin zamanta babu kowa. Kashegari ma haka.

Ran Alhamis ba karatu. Innar Kubura ta dama kunu, ta zuba a ƙwarya, ta ce Kubura ta kai gidan Tsohuwa Shatu, ta ce tana gaishe ta da jiki. Kubura ta tambayi abin da ya same ta. Inna ta ce a bakin rijiya ta faɗi, ƙugunta ya goce. Ta ce ita ma tana mamakin abin da ya kai tsohuwa kamar wannan jan guga, ga jika a gida.

Kubura ta ce cikinta na ciwo. Inna ta ce ya yi ciwon a hanya.

Ɗakin tsohuwar ƙarami ne, ga duhu. Tana kwance a tabarma. Barira na zaune kusa da ita, hannuwanta biyu a buɗe bisa gwiwa. Sun kumbura, tafin ya fashe, an shafa musu man shanu. Kubura ta duba sau ɗaya, ta kau da kai. Rijiyar unguwarsu zurfinta gaba ashirin ne. Hannu irin wannan ba ya riƙe igiya.

Tsohuwa ta yi murna ƙwarai. Ta sa albarka, ta tambaya ko ɗiyar wa ce, ta ce ashe Barira na da ƙawa a lakwal ba ta faɗa mata ba. Ta laluba ƙarƙashin matashi ta ciro ƙuli biyu ta ba Kubura.

"Ɗiyata, ke da kuke aji guda, hwaɗa mini gaskiya. Mi yarinyar ga taka yi da kullum sai an buge ta? Na tambaye ta har na gaji."

Kubura ta dubi Barira. Barira na duban ƙasa.

Tsohuwa ta ce ta riga ta aika Bazaga. Ranar kasuwa kawun yarinyar zai zo da amalanke ya tafi da ita. In kanta ba ya ɗaukar boko, gara ta koma da sauran hannunta. Tana maganar nan kanta na rawa, daidai yadda Kubura ke yi a fili. Wannan karon ba abin dariya a ciki.

A bakin ƙofa Kubura ta yi ƙasa da murya, ta tambayi Barira me ya hana ta faɗa.

"In hwaɗa mata ana yi mata dariya?" in ji Barira. Ta koma ciki.

Kubura ta dawo gida da ƙuli a hannu, ta kasa ci. Inna ta lura. Ba ta daɗe tana tambaya ba, Kubura ta fashe da kuka, ta faɗi komai. Inna ba ta dake ta ba. Ta ce kuka ba zai tsayar da amalanken Bazaga ba. A gaban mutane ta yi ɓarnar, a gabansu za ta gyara.

Ran Juma'a da safe, ana cikin layi, Kubura ta fito gaba. Faransancinta ba zai ɗauki wannan magana ba. Ta je wurin yaron da ƙashin ke wuyansa, ta cire, ta rataya wa kanta. Sannan ta yi bayani da Hausa, tun daga kara da allo har zuwa rijiya.

Mushe Mati ya tambaya su wa suka yi dariya. Hannu ɗaya ya tashi, sai uku, sai kusan duka ajin.

Mushe ya dubi bulalar da ke hannunsa. Ya daɗe yana dubanta. Abin da yaran ba su taɓa ji ba, sai ga shi ya yi magana da Hausa.

"Ku kunka yi dariya, ni kuma na yi bugu ban tambaya ba. Kowa na da nashi."

Ya karɓi ƙashin daga wuyan Kubura, ya jefa a akwatin tebur, ya kulle. Ya ce a ajinsa an gama da shi. Wanda bai san kalma ba, na kusa da shi ya koya masa.

Amma Kubura ba ta tsira haka nan ba. Mushe ya ce ruwan gidan Tsohuwa Shatu ya koma kanta, safe da marece, har Barira ta warke. Masu dariya kuma su kawo itace, kowa da ranarsa.

Da aka tashi, Mushe ya tafi gidan da kansa, ya durƙusa a bakin ƙofa ya ba tsohuwa haƙuri. Ya ce jikarta ba ta da laifi, kuma kanta na ja. Kubura ma ta durƙusa ta faɗi nata. Tsohuwa ta ce ita ta yafe, amma hannun ba nata ba ne, a tambayi mai shi. Barira ta kau da kai.

Ranar kasuwa kawu ya zo da amalanke, ya sha fura, ya koma shi kaɗai.

Jan ruwa ba wasa ba ne. Kwana uku, hannun Kubura ya yi kanta. Barira takan bi ta rijiya, ta tsaya nesa tana kallo. A rana ta shida, guga ya cika, igiya na neman ƙwace wa Kubura. Sai ta ji nauyin ya ragu. Ta waiga. Barira ce a bayanta, ta naɗe hannu da gefen zane, ta kama igiyar.

"Ba haka aka ja ba," in ji Barira. "Ki taka da ƙahwa. Taho in gwada miki."

Ran Litinin suka shiga aji tare, suka zauna a benci ɗaya.

Yara, dariyar da za ta sa wani kuka ba wasa ba ce, zalunci ne. Kada ka sauke wahalarka a kan wanda ya fi ka rauni. In kuwa ka cuci wani, ka fito ka faɗa, ka gyara da hannunka.