Satar Turakun Raga a Illo

Da safiyar ranar wasan aka kai wa Sufeto Attahiru rahoto a Bagudo cewa an yi sata a filin ƙwallon Illo. Ya ɗauka kuɗi ne. Da ya isa sai ya tarar turakun raga ne suka ɓace, duka ɓangarorin biyu.

Wasan na neman hawa rukuni na gaba ne, tsakanin Taurarin Iyaka na Illo da Zakarun Matsinkai. Alhaji Arzika, shugaban Taurari, yana tsaye tsakiyar fili, mutane sun kewaye shi.

"Yallaɓai, ba sai ka wahala ba," in ji shi. "Ɗanliti ne, kocin Matsinkai. Jiya da la'asar an gan shi nan yana zagaye."

Tuni matasa suka kama Ɗanliti suka miƙa shi ofishin 'yan sanda, bayan sun rage masa haƙori ɗaya.

Sufeto ya durƙusa inda turakun suke. Ba a yanke ƙarfen ba, tono shi aka yi. Kowane rami an kifa masa gwangwanin tumatir don kada ƙasa ta cika shi. A shekarun da ya yi yana aiki bai taɓa haɗuwa da ɓarawo mai tausayin rami ba.

Ya nemi Muktar, sakataren gasar, wanda ke zaune ƙarƙashin darbejiya yana share gumi.

"Yaya kuke raba kuɗin ƙofa?"

"Kashi goma. Bakwai na masu gida, biyu na baƙi, ɗaya namu."

"In ba a yi wasa yau ba fa?"

"A ɗage. In kuma aka tabbatar wani kulob ne ya hana, a kore shi daga gasa. Alhaji ya ce in rubuta korar Matsinkai kafin azahar."

"Wa ya sa wasan yau?"

"Ƙuri'a. Alhaji ya so jibi, ranar kasuwa, aka ce ƙuri'a ta riga ta faɗi."

A ofis, Ɗanliti yana riƙe da leɓe.

"Me ya kawo ka fili jiya?"

"Ban zo ba, ranka shi daɗe."

"Mutum huɗu sun gan ka."

Ɗanliti ya sunkuyar da kai. "Laya na zo binnewa bayan raga. Kowa na yi. Amma mi zan yi da ƙarhe? Bisa babur na zo."

"Ragar tana nan lokacin?"

"Tana nan. In an kore mu, yallaɓai, yaran ga sun yi shekara banza."

Sufeto ya koma fili. Abin da ya dame shi shi ne bakin ƙofa. Ranar babban wasa, amma babu mai tsire, babu mai rake, babu ko mai ruwan leda. Masu talla ba sa karanta jadawali, amma ba a taɓa jin sun kuskure rana ba.

Ya hau mota zuwa bakin iyaka. Can ya samu Zuhura, mai soya kifi, wadda ke tsallakowa daga ƙasar Benin duk ranar wasa.

"Hajiya, yau ba ki je fili ba."

"In je yin mi? Ai wasa jibi ne."

"Wa ya gaya miki?"

"Mai shela. Tun makon jiya yake bin ƙauyukanmu da lasifika, wai ranar kasuwa, kowa ya taho da sefa tai."

"Wa ya ɗauke shi?"

"Wa kuwa? Alhaji Arzika. Hoto nai ma na jikin babur ɗin."

A shagon shinkafarsa Sufeto ya samu Alhajin.

"Yaushe ka san za a ɗage wasa?"

"Yau da sahe, kamar kowa."

"To mai shelarka ya fi ka ilimi. Ya sani tun makon jiya."

Alhaji ya ce kuskuren mai shela ne. Sufeto kuwa hancinsa yake bi, warin fenti ya jiyo. Bayan buhunan, ƙarƙashin tampol, turaku ne kwance a jere, an shafe su da sabon farin fenti, bai ma bushe ba. An ninke ragar an ɗora a kai.

Alhaji ya zauna a kan buhu.

"Yau mutum nawa za su zo? Kowa na gona. Ranar kasuwa kuwa har bisa katanga sai an biya. Da na maida su jibi da asuba in ce an tsinto."

"Ɗanliti fa?"

"Mutane sun ce sai an faɗi suna. Shi aka gani."

Kafin azahar aka saki Ɗanliti. Muktar ya rubuta takardar kora kamar yadda aka umarce shi, sunan kulob ɗin kawai ya sauya.

Da ake sa Alhaji a mota, ya ga 'yan sanda suna ɗaure turakun a sama.

"Yallaɓai, waɗanga ina za a kai su? Na gari ne."

"Shaida ce yanzu," in ji Sufeto. "Sai alƙali ya sake su."

"Yaushe?"

"Shi ma sai ya sa rana."

Sufeto ya rufe ƙofar motar.