Zakaran da Na Fitar Daga Gida

Shekarar da fara ta cinye hatsi, wata magariba, na fita daga garinmu na gefen Buza da zakarana cikin kwando, zan kai shi tungar ƙanena Illa.

Ba da son raina ba. Shi kaɗai ya rage mini cikin kaji. Amma tun da masassara ta kwantar da Husaina, ɗiyar maƙwabciyata Kaltuma, ya tsiri hawa darnin da ke tsakaninmu yana cara da faɗuwar rana, yana fuskantar ɗakin yarinyar. A garinmu kuwa, zakaran da ya yi cara da magariba, an ce mutuwa yake kira.

Kaltuma ta shigo mini idanunta jajur.

"Yaya Tabawa, don Allah ki yanka shi. Ɗiyata shika kira."

"Ke, rufa mini baki. Zakara ne, ba boka ba."

Sai ta durƙusa ta riƙe ƙafata. Matar nan ita ta zauna da ni sa'ad da nake takaba. Ba zan rasa ta a kan zakara ba. Yanka dai na ƙi. Na rufe kwando da tsumma don ya yi shiru, na kama hanya.

Na gangara ƙorama. Tsakuwa na ƙara ƙarƙashin ƙafata. Can baya ina jin sautin daka, har ya ɓace. Gyare ma suka yi tsit.

Sai wari. Irin na tsohuwar rijiya da aka daɗe ba a buɗe ba.

Wata doguwar mace na zaune gindin gawo, ta lulluɓe kai da baƙin saƙi. Na yi mata sallama.

"Kin ɗauko shi?" Muryarta ƙasa-ƙasa, kamar daga cikin tulu.

"Wa?"

"Mai hana ni shiga. Kullum na zo bakin darni, shina nan."

Kwandon ya soma rawa a kaina.

Ta miƙe. Ta yi ta miƙewa, har kanta ya shige rassan gawo.

"Na gode miki," in ji ta.

Ta bi ta gefena, ta nufi gari. Tsakuwa ba ta yi ƙara ba.

Na fizge tsumman. Zakara ya yi cara.

Ta juyo. Hannu mai sanyi ya cafke wuyana. Numfashina ya tsaya. Ayar da ta zo bakina na ja, ban ma san wacce ba.

Ya sake cara. Hannun ya sake ni. Na faɗi kan duwatsu.

Da na ɗaga kai, babu kowa.

Na ruga gida, zakara a hammata, gwiwoyina na jini. Ban kai rijiyar gari ba na ji kururuwar Kaltuma.

Da safe aka kai Husaina.

Bayan masu gaisuwa sun watse, Kaltuma ta same ni ina tankaɗe. Ta daɗe tana duban shatin yatsun da ke wuyana.

"Yaya, mi ya same ki a hanya? In da mun bar zakaran a nan..."

Ni ba mai ɓoye magana ba ce, duk garin sun shaida. Amma na dubi matar nan, ta rame kamar kara.

"Ƙaya ce ta kama ni," na ce. "Kwanan Husaina ne ya ƙare, Kaltuma. Zauna ki sha kunu."

Ta zauna. Har ta bar duniya muna maƙwabtaka, ba ta sake tambayata ba.