Muryar da Dogo Bai Goge Ba

Saura kwana uku Dogo ya miƙa kundin digirinsa na uku, ga na'urar da yake koya wa magana tana neman ƙarin muryoyi. Sai ya zuba mata muryar wata tsohuwa, wadda kafin ta rasu ta roƙe shi ya goge muryar.

Duhu ya yi, kowa ya watse daga ɗakin bincike, sai ya ji ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ya waiwaya. Tsohuwar nan ce zaune bayansa, leɓenta na motsi, babu sauti.

Lasifika ce ta yi maganar: "Ɗan nan, ka riƙe muryata. To, ba ni taka."

Ya wage baki, shiru. Daga bakin matar ihunsa ya fito.