Kwanukan Dubiya

"Kwanon wa nake gani a ƙarƙashin gado?"

Zira ya ƙura wa silin ido kamar yau ya fara ganin sa. Salomi ta jawo kwanon da ƙafa. An suɗe shi tas, sai ƙasusuwan kaza da maiƙon miyar gyaɗa.

"Baban Selina, da kai nake!"

"Na matan zumunta ne... Mama ta shigo da shi."

"Bayan ka cinye nawa?"

"To in mayar musu? Mutane sun zo dubiya, in ce ba na so?"

Salomi ta dafe kai, takaici kamar ta yi ihu. Tun da ciwon jijiya ya kama mijinta, ƙafafunsa suka daina jin magana, yau garau gobe a kwance, har ya ajiye koyarwa da kekensa. Likita a Maiduguri bai ɓoye musu ba. Ciwon ba ya warkewa, amma in ya rage jiki, yana tattaki kullum da sanyin safiya, ƙafafun za su daɗe suna ɗaukar sa. In kuwa ya yi nauyi, kujera ce har abada.

Sai dai wa zai yi wa mutanen Sabon Layi wannan karatun? Mutanen kirki ne, kirkin da ke neman kwantar mata da miji. Matan zumunta na coci sun raba kwana, kowacce da ranar kawo kwanonta. Ga surukarta Mama Margret, da ta taso daga Muchalla da kaji da buhun gyaɗa, ta tare a gidan ba ranar komawa. Mutumin da a da yake kamar sanda, yanzu rigar aurensu ko wuyansa ba ta shiga.

Labule ya ɗaga.

"Me kuma ya yi?" in ji Mama. "Mara lafiya ba zai ci abinci ba? Ganye, ganye kullum, ɗana akuya ne?"

"Mama, likita ya ce..."

"Likita ne ya haife shi? Ƙiba ai lafiya ne! Duk unguwa ana magana, wai kina kora shi waje da asuba kamar jaki. Ranar kasuwa zan tafi da abina gida."

Salomi ta juya ga mijinta, tana jiran kalma ɗaya tak. Gogan naku ya sunkuyar da kai yana wasa da bakin bargo.

"Shi ke nan," ta ce. "Ku ci lafiya."

Kwana biyu ba ta tashe shi tattaki ba. Ta zuba ido ana shiga da kwanuka ana fitowa da su wayam. Tana son mutumin nan kamar ranta, abin da ya fi ba ta haushi ke nan.

Ana gobe ranar kasuwar da Mama za ta tafi da shi, da tsakar rana tana wanki, ta ji tim! daga makewayi. Kusan tare suka isa ita da Mama. Zira na yashe a kan siminti, zane ɗaya a ƙugu, ƙafafun sun ƙi.

Mama ta kama hannu ɗaya, Salomi ta kama ɗaya. Suka ja, suka sake ja har tsohuwa ta faɗi zaune tana haki. Ko gezau.

"Bari in kira su Ɗanjuma maƙwabta," in ji Mama.

"A'a!" Zira ya riƙe zanenta. "Kar maza su gan ni haka, Mama... don Allah."

Sai ya fashe da kuka. Salomi ba ta taɓa ganin hawayensa ba, ko ranar da likita ya yi magana.

"Ba yunwa nake ji ba, Salomi. In na cinye, Mama tana dariya. Abin da ya rage da zan iya yi mata ke nan."

Tsohuwa ta toshe baki da hannu.

Salomi ta share fuska, ta fita ta gangaro turmi har gabansa.

"Dafa nan. Juya, gwiwa ƙasa."

"Ba zan iya ba..."

"Za ka iya! Ni ban auri mai kwana a makewayi ba. Tashi, masoyina, ko in haɗa ka da bokitin nan!"

Ya yi dariya cikin kuka. Ya dafa, ya zame, ya sake dafawa. Gumi ya wanke shi. Salomi ta sa kafaɗa a hammatarsa tana ta masifa, har Allah ya sa ya miƙe.

Mama Margret na nan zaune a jiƙaƙƙen siminti. Ta daɗe tana kallon tafukan hannunta.

"Da hannun nan na goya shi na hau dutse," ta ce a hankali. "Yau na kasa ɗaga shi... kuma ni na ɗura masa."

Ta fyace hanci da bakin zane, ta ɗago ta dubi Salomi.

"'Yata, tattakin nan naku, da wane lokaci ne?"

"Kafin rana ta fito, Mama."

"To ki buga mini ƙofa. Ke ki riƙe dama, ni in riƙe hagu."