Awon Mai Kushin

"Sun sake ɗagawa," in ji Malama, ta kife wayar a kan gado.

Mijinta na tsaye a bakin ƙofa. Wata bakwai ke nan, tun da aka cire mata nonon hagu saboda cutar daji, nan ce iyakarsa in za ta canza kaya.

"Zuwa yaushe?"

"Sai annoba ta lafa. Wai har ɗakin tiyatar an cika da masu numfashi da ƙyar. Nawa ba na gaggawa ba ne..." Ta yi dariyar da ta fi kuka ciwo. "Gyaran jiki ne kawai, in ji su."

Likita ya yi alkawarin bayan wata uku zai gina mata wani nonon. Ita kuma ta ɗaukar wa ranta cewa mijinta ba zai ga ƙirjinta ba sai an gama. To, annoba ba ta san da alkawarin kowa ba. Aka kafa dokar kulle: makarantarta a rufe, shagonsa na kushin kujeru a rufe, ga Inna, uwarsa, da ta zo jinya hanya ta rufe da ita. Ɗaki biyu da falo. Ko kuka Malama za ta yi, sai ta shiga banɗaki ta kunna famfo.

Safa take cusawa a rigar mama. Jiya ta sunkuya za ta ajiye wa Inna ruwa, safar ta faɗo tsakar falo. Inna ta ɗauka ta miƙa mata, idonta na kan talabijin.

"Ana buɗe hanya zan koma gidanmu," Malama ta ce wa mijin yanzu. "Sai an yi aikin in dawo."

"In ba a yi ba fa, sai baɗi?"

"Sai baɗin."

Ya juya ya fita. Kwana uku yana baranda da almakashi da guntayen soson kujera, ya ba kowa baya. Rana ta huɗu da hantsi ya miƙo mata ƙunshi daga bakin ƙofa.

Ta warware. Nono ne na soso, an lulluɓe shi da yadin kujera mai laushi, an bi gefensa da igiyar ado. Har da maɓalli a tsakiya, irin na filon falo.

Ta kalli abin, ta kalle shi.

"Maigida... wannan na wace ce? Ai ko biyun aka haɗa ba su kai haka ba."

"Da ka na yi shi."

"Lallai kan naka akwai ƙari."

Dariya ta ƙwace mata, ta gaske ta farko tun fitowarta daga asibiti. Shi bai yi ba. Ya taɓa tef ɗin awo da ke wuyansa.

"Shekara ashirin ina sana'a, ban taɓa yanka soso ban auna ba sai wannan. Mai aikin ta hana ni shiga. Ki bari in auna, rabin raina. Kar ki tafi."

Daga falo Inna ta yi gyaran murya. "Zan hau sama shanya. Ƙafafun nan nawa, sai na daɗe."

Ƙofar waje ta rufu.

"Abin ba kyan gani," Malama ta ce. "Kamar an ɗinke bakin buhu."

"Ɗinki ai fannina ne. Bari in ga hannun likitan."

Ta daɗe tana riƙe da wuyan rigarta, sannan ta sake shi, rigar ta zame. Ya tsallako ƙofar.

Ya dubi tabon tun daga hammata har tsakiyar ƙirji, bai kau da kai ba. Tef ɗin ma bai sauko daga wuyansa ba. Tafin hannunsa ya ɗora a wurin, mai kaushi, mai ɗumi.

"Ya iya ɗinki," ya ce a hankali. "Ya riƙe min ke."

Wayar na nan a kife, har yanzu babu ranar tiyata, titi shiru kamar an share. Malama ta kifa kanta a kafaɗarsa ta yi kuka mai sauti, ba ta kunna famfo ba.