Hannun Da Ya Shiga Rawar Kirsimeti

Rana na gab da nutsewa cikin teku aka miƙa wa Solvej kwanon kunun shinkafa, aka ce ta kai tsohuwar matsar rake da ke bayan gida.

Jajiberin Kirsimeti ne. Sunan gonar ya kuɓuce mini, shekarar ma haka, amma mutanen ina tune da su. Su huɗu ne, duk 'yan Danmak da aiki ya jefo wani tsibiri mai zafi, inda kakanninsu suka taɓa noman rake da bayi: Troels mai gida da matarsa Gunver, da abokin shan giyarsa Asger, sai Solvej, ma'aikaciyar jinya wadda mijinta ya bi wata yarinya ya bar ta. A can gida Danmak, a irin wannan dare akan ajiye wa ɗan aljanin gida kununsa a rumbu, da curin man shanu a tsakiya, don kada ya yi fushi. Nan babu rumbu. Troels ya ce matsar rake ta wadatar.

"Bazawararmu ce za ta kai," in ji shi, yana share gumin wuyansa da tawul. "Wa ya sani, ko ta samu miji a can. Na farko ya gudu, wannan kuwa ba shi da wurin zuwa."

Asger ya yi dariya har giyar rake ta sarƙe shi.

"Bakinka dai ba linzami," in ji Gunver daga kicin. "Solvej, ƙawata, tsaya in raka ki."

"Bari, agwagwarki za ta ƙone," in ji Solvej.

"In kin isa ki duba ƙusar da ke bakin ƙofa," in ji Troels. "Nan kakanninmu suke rataye adda. In ƙarfen matsa ya cafke hannun bawa, sai a sare hannun. Wa zai tsayar da aiki saboda hannu ɗaya?"

"Troels, yau Kirsimeti fa!"

"Ai shi ya sa na tuna. Yau kaɗai ake barin bayi su shigo gidan ubangida su yi rawa."

Solvej ta yi murmushi, kamar yadda ta saba yi duk lokacin da ya taɓa ta. Duk tsibirin nan ba ta da wani teburin da za ta zauna a daren nan in ba nasu ba, shi ma ya san haka. Ta rufe kwanon da faranti ta fita.

Hanyar ta gangara daga tudun da gidan yake, ta ratsa cikin doguwar ciyawa mai kaifi. Iska ba ta motsi. Ƙananan kwaɗin bishiya sun fara kukansu na magariba, dubbai, kamar ana kaɗa ƙararrawa. Tana jin ƙamshin kirfa daga kwanon, da warin gishirin teku, da na mangwaron da ya ruɓe a ƙasa. Duhu a wurin nan ba ya sallama. Kafin ta kai gindin tudu, da ƙyar take ganin takalminta.

Matsar doguwar hasumiya ce ta dutse, ba rufi, jijiyoyin bishiya sun tsattsaga bangonta. Ga ƙusar nan a bakin ƙofa, ta yi tsatsa.

Sai wani ƙamshi ya tare ta. Ƙamshin mazarƙwaila mai zafi, kamar yanzu aka sauke ta daga wuta, a wurin da ba a dafa ruwan rake ba tun zamanin kakannin kakanni.

Kwaɗin suka yi tsit.

Daga ciki ta ji wani abu yana juyawa a hankali. Ƙiii. Shiru. Ƙiii.

Ta sunkuya za ta ajiye kwanon. Bai kai ƙasa ba. An karɓe shi daga hannunta, a nutse, da hannu ɗaya.

"Asger," ta ce da raɗa, "wannan ba wasa ba ne."

Aka ture farantin ya faɗi. Ta ji ana zuƙar kunun, ana haɗiya da ƙarfi, ana lashe kwanon. Daga can saman tudu, daga barandar gidan, dariyar Asger ta gangaro.

Wata murya ta fito daga duhun, ƙasa-ƙasa, a shaƙe.

"Wa zai karɓe ni?"

Ba ta san yadda ta hau tudun ba. Ciyawa ta yayyanka mata ƙauri. Da ta shigo, Troels ya leƙa bayanta ya ce, "Ina angon? Ko shi ma ya fasa?" Ta ja kujera ta zauna. In ta faɗi abin da ya faru, da wannan za su ci abincinsu, har Kirsimetin baɗi ba za su daina ba.

Suka ci agwagwa da dankali mai sukari, suka sha zoɓo da citta. Gunver ta yi ta zuba mata, tana cewa ta rame. Ana cikin haka aka ɗauke wuta, abin da ba sabo ba ne a tsibirin. Fanka ta tsaya. Troels ya ce hakan ya fi, ya kunna kyandirorin da ke jikin bishiyar Kirsimeti, wani reshe ne da suka saro a bakin teku suka yi masa ado.

Suka riƙe hannun juna suka zagaya bishiyar suna waƙa. Da aka zo waƙar ƙarshe, mai sauri, wadda ake yanke da'ira a yi layi a ratsa kowane ɗaki na gida a guje, Troels ya shige gaba. Asger na bin sa, sai Gunver, sai Solvej a ƙarshe, hannunta na hagu ba kowa.

Suka ratsa falo, suka ratsa kicin. Troels ya banke ƙofar baya ya ja su waje, suka zagaya tankin ruwa suna ihu.

A nan aka kama hannunta.

Tafin hannu ne babba, mai kaushi kamar ɓawon bishiya, yana danƙo. Ƙamshin mazarƙwaila ya cika mata hanci. Ba ta waiwaya ba. Tana jin takun ƙafa ba takalmi a bayanta, daidai da kiɗan waƙar.

Suka koma cikin gida da shi.

Ɗakin baƙi. Ɗakin wanka. Ɗakin barcin Troels da Gunver. Duk inda suka shiga duhu ne, hasken kyandir bai kai ba. Ta fizge hannun. Riƙon ya ƙaru. Ta ji ƙasusuwan yatsunta suna gogar juna, ciwon yana hawa wuyan hannu, yana hawa gwiwar hannu, a hankali, kamar ana cusa hannun tsakanin ƙarafa biyu masu juyawa.

Numfashi mai zafi ya taɓa kunnenta.

"Kin ciyar da ni. Na yi rawata. Yanzu ki karɓe ni, na gaji."

"Don Allah," ta ce.

"Aiki ba ya tsayawa. Hannu nake so."

Aka fara jan ta baya, wajen ƙofar kicin da ke buɗe. Ta ƙanƙame hannun Gunver da na dama, ƙafafunta suna zamewa a kan siminti.

"Bazawara, ɗaga ƙafa!" Troels ya yi ihu daga gaba. "Jan ki muke kamar buhu!"

Gunver ta waiwayo a cikin duhun lungu, tana haki, tana dariya. Dariyar ta tsaya.

"Solvej, jikinki rawa yake. Za ki faɗi. Dawo tsakiya ki riƙe Asger, ni in koma baya."

Solvej ta buɗe baki. Kalma ɗaya ta isa ta gargaɗe ta. Gunver ce ta kwana uku a gidanta lokacin da mijinta ya tafi, ita ce ta wanke mata kai, ta ba ta miya a baki.

Ciwon ya kai kafaɗa.

Ta kama wuyan hannun Gunver na dama, ta jawo shi baya, ta ɗora shi a kan tafin nan mai danƙo.

Aka sake ta.

"Wane ne wannan?" in ji Gunver, da 'yar dariya a muryarta. "Wa ya shigo?"

Solvej ta cafki hannun Asger ta ɗaga murya ta ci gaba da waƙar. Ta fi kowa ƙarfin murya. Ɗayan hannun nata ta manne shi a ƙirji. Suka sake zagaya falo su uku, suka zube a kan kujeru, mazan suna tari suna dariya.

"Ina matata?" in ji Troels.

Ƙofar kicin tana buɗe. Daga gindin tudu, wani abu yana juyawa. Ƙiii. Shiru. Ƙiii.

Sun sami Gunver a cikin matsar, ta durƙusa a gaban wurin da ba komai, tana ɗaukar abin da ba a gani tana turawa gaba, tana ɗauka tana turawa, kamar mai cusa rake a bakin matsa. Sai da mazan biyu suka haɗu kafin su ɗaga ta. Hannunta na dama ba rauni ko ƙwarzane, amma likita ya ce bai taɓa ganin ƙashi ya niƙe haka a cikin fata lafiyayya ba. Aka yanke shi daga kafaɗa.

Gunver ba ta ƙara magana ba. Troels ya daina barkwanci, ya daina giya, ya tsufa cikin wata guda. Duk wanda ya zo dubiya sai ya gaya masa cewa ba su da kamar Solvej, ita ce mai zuwa kullum bayan ta tashi daga aiki, ta gyara shimfiɗa, ta duba magani.

Gaskiya ne, tana zuwa. Sai dai da zarar ta shigo ɗakin, Gunver takan ɗago ido ta dube ta, ta miƙo mata hannun da ya rage, tafin a buɗe, ta bar shi a miƙe.

"Ki riƙe ta mana," Troels yakan ce. "Ke kaɗai take miƙa wa."

Solvej takan ce hannuwanta da sanyi, ta tura su biyun cikin aljihun rigar aikinta.