Gidan da Ba a Zubar da Shara

Ni ba na zagin mai tattali, don da tattali uwata ta raine mu. Amma duk lokacin da aka ɗauko zancen sai Jimoh ya faɗo mini a rai, in ji yawu ya taru mini a baki ina neman wurin tofarwa.

Jimoh Bayarabe ne, maƙwabcina a Fagge can wajen Kwaciri, a shekarun da gyaɗa ke tashe a Kano. Sana'arsa ƙera fitila aci-balbal da gwangwanin madara. Shi yake bin bayan kantuna ya tsinto gwangwanayen, ya yanke, ya liƙe da dalma, ya kai kasuwar Sabon Gari. Ƙusa in ta lanƙwashe sai ya miƙar da ita. Guntayen sabulu kuwa matse su yake yi su koma dunƙule guda. Matarsa Sadiat tana sayar da alale, 'yarsu ɗaya, Fausat, shekararta huɗu, baki kamar kanari. Ba su taɓa kwana da yunwa ba, kuma asusunsu kullum ƙara nauyi yake yi.

Sai wani Cyprian, mai rumfa kusa da tasa, ya sayi babbar mota. Tun daga ranar abinci ya daina yi wa Jimoh daɗi. Ya ce wa Sadiat shekara goma sha biyu yana miƙar da ƙusa, in ya ci gaba a haka zai mutu bai sayi ko taya ba. Ta ce su ƙara haƙuri, ya ce haƙurin ne ya ƙare.

Wata Talata da rana tsaka ya rufe rumfa, ya tsallaka layin dogo, ya nufi bukkar wani boka a bakin kududdufin da majema ke zubar da ruwan fata. Kafin ya ga bukkar warinta ya tare shi. A ciki babu inda za a sa ƙafa sai kan ƙasusuwa, gashin kaji, da tsummokaran da suka yi baƙi. A tsakiya akwai wata randa da aka ɗaure bakinta da fatar bunsuru, jikinta ya yi kauri da busasshen jini, ƙudaje sun lulluɓe ta. Wani abu yana numfashi a ciki, fatar tana ɗagawa tana sauka.

"Ka ji tun yanzu," Jimoh ya ce wa bokan, "'yata ɗaya ce. In rai ake bayarwa, na fasa."

Bokan ya yi dariya, haƙoransa uku ne kacal. "Wa ya tambaye ka rai? Na cikin randar nan ba ya cin abu mai kyau. Ragowa yake ci."

"Ragowar me?"

"Ta komai. Duk abin da aka gama moriyarsa a gidanka, nasa ne. Shara, ƙanzo, ruwan wanke-wanke, har abin da ke cikin bokitin bayan gida. Ko ɗaya ba ya ƙetare dokin ƙofarka. Ran da wani abu ya ƙetare, na cikin randar shi ma ya fita, ya kwashe abin da ya kawo."

"Har zuwa yaushe?"

"Har zuwa lokacin da ka gaji da kuɗi."

Jimoh ya yi murmushi, don a ganinsa an ba shi aikin da ya fi iyawa. Bokan ya sa ya tauna goro ya tofa tuƙar a cikin randar, ya yanke farcensa ya zuba, sannan ya ba shi wata 'yar tukunya ya binne a ƙarƙashin dokin ƙofarsa. Ladan aiki sule biyar. A nan ne fa Jimoh ya tsaya ya yi ciniki sosai, har aka sallama masa a sule uku, ya fito yana jin ya cuci boka.

Kuɗi suka zo, ba ƙarya. Wani kamfani ya ba shi kwangilar gwangwanaye, daga nan ya shiga sayen gyaɗa, kafin shekara biyu yana da manyan motoci uku. Aka fara kiransa Alhaji tun bai je ba.

Gidan kuwa, Allah ya kiyaye. Da farko rami ya haƙa a tsakar gida, ya cika, ya haƙa wani. Ya toshe rariya da siminti. Ya kori masu kwasar bokitin bayan gida, ya ce kada su sake taka masa ƙofa. Da ramuka suka ƙare aka koma zubawa a ɗakuna. Kaji suka mutu, akuya ta mutu, duk ya jefa su ciki ya ja ƙyaure. Tsutsa ta riƙa gangarowa ta jikin katangar da ta raba mu, har matata ta daina shanya a wannan gefen. Ba wanda ya ƙara sayen alalen Sadiat. Duba-gari ya zo sau biyu, sau biyu yana fita da hankici a hanci da nauyi a aljihu. Shi kuma gogan sai ya sa farar riga, ya zuba turare, ya tafi Sabon Gari ya ci abincinsa a faranti mai tsabta.

Sadiat ta roƙe shi ya bari ta kai yarinyar wurin yayarta ko na wata ɗaya ne. Ya hana, wai za a yi ta tambayoyi.

Da damina ta sauka, ruwa ya rasa hanyar fita, ya taso da duk abin da aka binne. A cikinsa Fausat take tafiya da ƙafa ba takalmi. Gudawa ta kama ta ranar Litinin, ranar Laraba bayan Azahar ta rasu.

Mu maƙwabta muka toshe hanci muka taru da makara, ni da liman a gaba. Jimoh ba ya nan. Ashe ya ruga wurin boka ne ya tambaya ko gawa tana cikin sharaɗin. Bokan ya ce masa, ba a gidanka ta ci ta sha ba? Rai ya tafi, to me ya rage?

Ya dawo ya tare ƙofa da hannu biyu, ya ce a cikin gida za a binne ta. Liman ya leƙa, ya ce ya nuna masa taku ɗaya na ƙasa mai tsarki da za a kwantar da 'yar Musulmi. Babu. Sai Jimoh ya sunkuyar da kai ya ce to a bar ta a ɗaki, ai akwai sauran wuri. Wallahi na ji wannan da kunnena, kuma ban taɓa ƙyamar ɗan Adam irin ta ranar ba.

Muna cikin wannan Sadiat ta fito. Ba kuka take yi ba. Ta yi wa 'yarta wanka da ruwan da ta rage na sha, ta goya ta da sabon zani kamar mai barci, ta sunkuya ta bi ta ƙarƙashin hannun mijinta. Sai da ya ga 'yan ƙafafun suna reto sannan ya gane.

"Sadiat, tsaya!" Ya kama bakin zanin. "Mota uku ce a bayanki!"

Ta juyo ta dube shi. "Baban Fausat," ta ce, "sake mini 'yata." Ta ɗaga ƙafa ta ƙetare.

Muka yi wa yarinyar sutura muka kai ta maƙabarta. Kafin sati gyaɗar da ya tara ta ruɓe a buhu, motocin suka lalace ɗaya bayan ɗaya, hukuma ta sa aka cinna wa gidan wuta. Sadiat ba ta koma daidai ba. Wanke hannu take yi har fata ta saɓule, danginta suka zo suka sa ta a jirgin ƙasa.

Jimoh ya yi shekara shida yana yawo tsirara a wajen kantin takalma na Bata yana surutai. Na sha tsayawa kusa da shi in saurara ko zan ji sunan yarinyar, amma lambobin motocinsa kawai yake kira.

To, mai karatu, yi tattalinka, ka tara kwabonka a hankali, Allah ya sa albarka. Amma ran da ka ji abin hannunka ya yi maka kaɗan don ka ga na wani, har ƙafarka ta fara neman hanyar boka, ka koma gida ka dubi 'ya'yanka da kyau. Su za ka biya da su, kuma lokacin da za a zo karɓa ba su za ka yi wa kuka ba.